Yadda ake shafa man kwakwar Indiya a gashi ba tare da ya ƙame miki kai ba

Bari in fara da wautar da ni na yi, don kar ki maimaita. Wata ƙawata ce ta raka mahaifiyarta asibiti Indiya, da za su dawo ta yo min tsarabar man gashi, shuɗiyar robar nan ta Parachute mai hoton bishiyar kwakwa a jiki. Ni kuwa da na tashi da kallon fina-finan Indiya, ina ganin mata da gashi har gadon baya, sai na ce shikenan kakata ta yanke saƙa. Kullum da safe in lafta shi tun daga fatar kai har ƙarshen kitso, in ɗaura ɗankwali in zumbula hijabi in fita, kuma a watan Afrilu ne fa, kinsan zafin nan da ko ruwan randa ɗumi yake. Ba a yi sati uku ba goshina ya feso da ƙananan ƙuraje, matashina ya yi shatin maiƙo, ɗankwalina kuwa wani irin wari yake kamar an ajiye tsohon man suya. Na daure na ci gaba har sanyi ya shigo, ranar da na je tsifa mai kitson ta taɓa gashin ta ce "Hajiya me kike sa wa kan nan ne, ya zama kamar soson wanka?"

Laifin ba na man ba ne. A can inda ya fito, musamman kudancin Indiya irin su Kerala da Tamil Nadu inda kwakwa take kamar yadda gyaɗa take a wajenmu, yawanci kafin wankan kai ake shafa shi, a murza fatar kai da shi, a bar shi ya ɗan jima, sannan a wanke. Mai ne na kafin wanki. Mu kuma mun ɗauke shi mun mayar da shi basilin na kullum, a kan gashin da ba irin nasu ba, kuma gashin da yake wuni a rufe. In kin riƙe wannan kaɗai ma kin samu rabin abin da nake son faɗa.

Dalilin da ya sa kafin wanki ne

Gashi in ya sha ruwa kumbura yake, in ya bushe ya motse, kuma wannan kumburi da motsewar da ake ta yi duk wanki yana raunana silin gashi, ga kuma mataji da ake ja da shi alhali yana jiƙe. Shi man kwakwa kusan rabinsa wani sinadari ne da ake kira lauric acid, ƙwayoyinsa ƙanana ne kuma miƙaƙƙu, don haka suna iya kutsawa cikin silin gashin maimakon su tsaya a waje kawai. In ya shiga ciki, ruwan da gashin zai sha lokacin wanki ya ragu, furotin, wato sinadarin da aka gina silin gashi da shi, zubewarsa ma ta ragu. A shekarar 2003 wasu masu bincike biyu, Rele da Mohile, sun gwada man kwakwa da man sunflower da kuma mineral oil, wato man da ake tacewa daga ɗanyen man fetur, a kan gashi, man kwakwa ne kaɗai ya rage zubewar furotin sosai. Amma in faɗa miki gaskiya su biyun ma'aikatan Marico ne, kamfanin Mumbai da yake yin Parachute ɗin, to mai tuwo ba zai ce miyarsa ba daɗi ba. Duk da haka abin da suka gano ya yi daidai da abin da na gani a matajina bayan na gyara yadda nake yi, gashin da ke fita ya ragu ƙwarai.

Abin lura, ba ya fitar da sabon gashi. Gashin mutum abin da yake ƙaruwa a wata bai wuce santimita 1 da ɗan ɗoriya ba, ko kin shafa ko ba ki shafa ba. Aikin man shi ne ya hana wanda ya fito karyewa, sai tsawon ya taru ki gan shi.

Zaɓen man, nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa

Ba duk man da aka rubuta Indiya ko aka zana kwakwa a jikinsa ba ne man kwakwa. Ki juya robar ki karanta jerin abubuwan da aka haɗa, abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. In kin ga coconut oil ko Cocos nucifera a farko to madalla. In kuwa mineral oil ko paraffinum liquidum ko light liquid paraffin ne a gaba, to wannan man santsi ne da ƙyalli, ba haram ba ne amma ba zai shiga cikin gashi ba, a sama zai tsaya. Mutane da yawa suna sayen Dabur Amla, mai duhun koren nan mai ƙarfin ƙamshi, suna zaton na kwakwa ne, alhali ba a kan kwakwa aka gina shi ba. Wanda kamfanin Dabur suka gina a kan kwakwa shi ne Vatika, wanda suka haɗa da lalle da amla da lemon tsami. Amla ɗin wani ɗan itace ne mai tsami da Indiyawa suke ji da shi a maganin gargajiyarsu na Ayurveda. Shi kuma Parachute na shuɗiyar roba zallar man kwakwa ne, a can ma har girki ana iya yi da shi, ban da waɗanda aka rubuta wa Advansed, su haɗe-haɗe ne. Akwai kuma na gargajiyar Kerala irin su Neelibhringadi, wanda ake dafa ganyen baba da wani ganye da suke kira bhringraj a ciki, shi wani da man kwakwa ake yi wani da man riɗi, sai kin duba.

Ni a ganina in yanzu za ki fara, ki fara da zalla. In wani abu ya ɓata miki fata kin san mai laifi, amma in haɗin ganye goma ne da turare wa za ki kama?

Jabu kuma ya yi yawa a kasuwa. In a Najeriya kike ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki duba murfin ba a taɓa buɗewa ba. Sai gwajin da ya fi min sauƙi: man kwakwa na gaskiya daskarewa yake in sanyi ya yi ƙasa da digiri 24. Ki zuba kaɗan a ƙaramin kofi ki sa a firji kamar rabin awa, in ya daskare fari fat gaba ɗaya to da alamar gaskiya, in kuwa ya rabu biyu wani ya daskare wani yana yawo a sama kamar ruwa, an surka shi. Lokacin hunturu ma ba sai kin nemi firji ba, da asuba za ki matsa robar ki ji ƙam ba abin da ke fitowa, wasu har su ce ya lalace su jefar, alhali nan ne ya nuna shi na ƙwarai ne.

Kafin ki sa a kai gaba ɗaya ki ɗan goga a bayan kunne ki bar shi ya kwana. In ba ƙaiƙayi ba ja ba kurji, bismillah.

Ranar tsifa ita ce ranar mai

Mataki na farko, ki tsefe kanki tsaf, da yatsu ko tsinken tsifa, ki zazzage gashin da ya riga ya tsinke ya maƙale a gindin kitso. Kar ki tsorata da yawansa, mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, in kitson ya yi sati biyu duk suna nan a ɗaure suna jiran ranar tsifa. Kar ki sa mataji yanzu, busasshen gashinmu in kika ja shi da kum ƙaras ƙaras za ki ji yana karyewa.

Na biyu, ki narkar da man. Ki zuba wanda za ki yi amfani da shi a ƙaramin kofi, ki tsoma kofin a cikin kwanon ruwan zafi na minti biyu uku. Kar ki ɗora shi a wuta kai tsaye, mai yana zafi da sauri ba ya nuna alama, kuma fatar kai ba ta da juriya. Ki ɗiga a bayan hannu, in kin ji ɗumi mai daɗi irin na madarar jariri ya isa. Yawan kuwa, matsakaicin gashi cokalin shayi 2 zuwa 3, mai cika da tsawo sosai cokalin cin abinci 2. In yana gangarowa wuya kin zarce.

Na uku, ki raba kan gida huɗu, mai cikar gashi ta yi shida, kowane gida ki tufke shi. Ki kwance ɗaya, ki shafa man a tafin hannu ki murza, sai ki fara daga ƙarshen gashin ki yo sama. Mutane akasin haka suke yi, su tuttula a tsakar ka su bar jelar a bushe, alhali jelar ita ce tsohuwa, ita ta sha rilaksa da rana da gogar ɗankwali shekara da shekaru, ita ke karyewa. Ki riƙa matsa gashin a tsakanin tafukanki kamar mai lailaya fura har ki ji kowane sili ya samu, ki warware ƙulle-ƙullen da yatsa a hankali, sai ki yi masa kalaba ɗaya sako-sako ki wuce na gaba.

Sai tausar, wadda Indiyawa suke kira champi. Kalmar shamfu ma da muke faɗa daga nan ta samo asali, daga kalmar Hindi mai nufin matsawa ko tausa, Turawa suka ara suka mayar da ita sunan sabulun wanke kai. A gidajensu uwa ko kaka ce take zaunar da yarinya a gabanta tsakanin ƙafafu ta yi mata, kamar dai yadda ake zaman kitso a tsakar gidanmu. Ki tsoma kan yatsunki a ɗan abin da ya rage, ki bi tsagar da kika yi, ki dafa fatar kan da tsokar yatsa ba farce ba, ki riƙa juya fatar ita kanta a hankali, wato fatar ce za ta motsa a kan ƙashi, ba yatsa ne zai riƙa gurzar gashi ba. Ki fara daga ƙeya, ki hau bayan kunnuwa, ki zo tsakiya, gaban goshi kuma ki bi shi da lallami don gashin wajen ba shi da ƙwari. Minti 5 zuwa 10 ya wadatar. In kina da ƙanwa ko 'ya ki ba ta ta yi miki, wallahi daɗin daban ne, ni sau da yawa gyangyaɗi nake.

Ki sa hular leda, ko baƙar leda ma ta yi, ki ɗaura tsohon ɗankwali a sama ki ci gaba da aikinki. Ɗumin kanki kaɗai ya isa. Mai son stimin ta jiƙa tawul da ruwan zafi ta matse ta naɗa a kan ledar na minti 15. Ƙarancin lokaci minti 30 ne, ni awa 2 nake bari, in shafa bayan karin kumallo in wanke kafin azahar. Wasu suna kwana da shi kuma ya fi shiga ciki in ya jima, amma in fatarki mai saurin ƙuraje ce ko kina da amosani kar ki kwana da shi, kuma a watannin zafi ban ba ki shawarar kwana da leda a ka ba, gumi da mai in sun haɗu ƙaiƙayi ne zai tashe ki cikin dare.

Wanki

Nan ma akwai dabara. In kika fara sheƙa ruwa sannan kika sa shamfu, ruwan zamewa yake a kan man, ki yi ta ƙara shamfu kina cewa ba ya kumfa. Ki zuba shamfu kamar cokali ɗaya a kofi ki tsinka shi da ruwan ɗumi, ki ɗan jiƙa kan kaɗan, ki zuba a fatar kai ki cuɗa, kumfar ta gangara jikin kalabar da kanta. Kar ki kwance kalabar, a haka za ki wanke don kar ya cukurkuɗe. Zagayen farko ba zai yi kumfa sosai ba, ki ɗauraye ki sake, na biyun ya isa. In kika yi ta wankewa har gashin yana ƙara ƙiiƙii a hannu to kin kwashe duk abin da kika wahala kika sa. Ruwan ya zama mai ɗumi, ba mai zafi ba kuma ba na randa ba, musamman da sanyi, don ruwan sanyi daskarar da man yake a kan gashi ki fito da fari-fari kamar kitse.

Masu sabulun salo, yana cire mai da kyau amma yana da kaifi, ki narkar da shi a ruwa ki tace kar ki goga dunƙulen a ka, kuma lallai ki bi da abin laushi. Ni abin laushina karkashi ne. Ki jiƙa garinsa ko busasshen ganyen a ruwan ɗumi tun lokacin da kika shafa mai, kafin ki zo wanki ya yi yauƙi, ki tace ki zuba a gashin, yanzu ne za ki kwance kalaba ɗaya bayan ɗaya ki sa babban mataji mai faɗin haƙora, daga ƙasa zuwa sama. Da man kwakwa a ciki da yauƙin karkashi a waje matajin sulalewa kawai yake. Abin dariya su ma mutanen Kerala haka suke, ganye da furen wata 'yar uwar zoɓo suke murzawa ya yi yauƙi su wanke mai da shi. Wadda ba ta da karkashi ta sa kondishina, duk ɗaya.

Bayan wanki, inda gashinmu ya bambanta da nasu

Gashin Ba'indiya miƙaƙƙe ne ko mai ɗan lanƙwasa, maiƙon da fatar kanta take fitarwa yana gangarawa har ƙasa da kansa. Namu a nannaɗe yake, maiƙon ba ya iya bin duk kwanar nan, shi ya sa jelar take bushewa. Kuma mai ba danshi ba ne, ruwa ne danshi. In kika shafa man kwakwa a busasshen gashi kika bar shi a iskar hunturu, babu ruwa a ciki, ga man ya daskare, shi ne soson wankan da mai kitsona ta gani. Don haka bayan wanki ki tsane da tsohuwar riga mai laushi, tun da sauran lema ki shafa man kaɗe ɗan kaɗan da kika murza a hannu ya narke, shi ne zai riƙe danshin. In kina son ƙamshin kwakwar ki ɗiga ɗigo biyu uku a cikin man kaɗen, iyakarsa kenan.

Sannan don Allah ki bari ya bushe kafin a yi kitso ko ki rufe. Ki yi manyan kalaba ki zauna a inuwa inda iska ke kaɗawa. Jiƙaƙƙen gashi mai mai a ƙarƙashin hula da hijabi shi ke kawo warin nan da ba turaren da ke ɓoye shi.

Sau nawa? Duk ranar wanke kai, in sati-sati kike to sati-sati, in sai kitso ya yi sati biyu to haka. Tsakanin nan ba sai kin ƙara ba, ɗan fesa ruwa da man kaɗe ya isa. Masu rilaksa da masu rini su suka fi kowa cin moriyarsa don gashinsu ya riga ya buɗe yana shan ruwa da yawa, amma in fatar ta ƙone wajen sa rilaksa a bari ta warke tukuna. Akwai kuma waɗanda duk yadda suka bi ƙa'ida gashinsu tauri yake yi da man kwakwa, in kin gwada sau uku haka ne to ba naki ba ne, ki surka shi rabi da rabi da man zaitun ko man riɗi, in bai yi ba ki haƙura ki ba wata.

Maganar amosani sai na ɗan tsaya a kai, don nan ake yawan kuskure. Mutum ya ga fari-fari yana zuba sai ya ce bushewa ce ya ƙara mai. Alhali yawancin amosani wani naman gwari ne mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kai yake haddasa shi, kuma maiƙo ne abincinsa, kinga kenan tuwo kike kai masa. In kina da shi ki shafa man a jikin gashi kawai ki bar fatar, ki nemi shamfu mai ketoconazole a kemis, ki bar kumfar ta yi minti 5 kafin ki ɗauraye. Yaro mai makero kuwa, wanda gashi ke cinyewa a zagaye, ba aikin mai ba ne sam, asibiti za a kai shi don yawanci sai an haɗa da maganin sha. Haka mai jego da gashinta ya fara zuba wata uku bayan haihuwa, wannan na jiki ne kuma yana dawowa da kansa. Wadda kuma gaban goshinta ya cinye saboda ƙananan kitso mai tsauri da ƙarin gashi, ko durom za ta shafa in ba a sassauta hannu ba a banza, ki ce wa mai kitso ta bar 'yan gaban nan kar ta kama su.

In kina son ki yi haɗin gida irin na Indiyawa ba wuya. A kofi ɗaya na man kwakwa ki sa cokali ɗaya na hulba da ɗan busasshen ganyen dogon yaro, wanda shi ma asalinsa daga can yankin Indiya aka kawo mana shi. Ki ɗora a wuta ƙasa-ƙasa sosai har hulbar ta fara canza launi zuwa ja, kar ta yi baƙi, ki sauke ya huce ki tace a kwalba busasshiya. Komai ya zama busasshe, ɗanyen ganye ruwa gare shi kuma ruwa a cikin mai fumfuna yake kawowa. Kar ki cika dogon yaron, warinsa ba ya barin ɗankwali. In kuma kuɗin na Indiyan ya yi miki yawa, man alayyadinmu na ƙwarar manja shi ma kusan rabinsa lauric acid ɗin ne, kakanninmu da shi suke gyaran kai, ƙaurinsa ne dai sai mai haƙuri.

Ajiya kuwa ki rufe shi ruf ki sa inda rana ba ta bugu, kar ki tsoma jiƙaƙƙen yatsa ko cokali a ciki, in kin ji warinsa ya koma tsami-tsami ko ɗaci ki zubar. Da sanyi in ya daskare a roba mai ƙaramin baki kar ki yi ta narkar da robar gaba ɗaya duk sati, ni abin da nake yi tun farkon Nuwamba nake juye shi a kwalba mai faɗin baki, ranar tsifa in sa busasshen cokali in yanko daidai wanda zan shafa in mayar da murfi.